Jirgi a Hannun Ƙanƙara: Yadda Parry Ya Shirya wa Hunturun 1819

A watan Satumba na shekarar 1619, wani kyaftin ɗin Sarkin Denmark mai suna Jens Munk ya shigar da jiragensa biyu bakin kogin da yau ake kira Churchill, a ƙasar Kanada, domin ya jira wucewar sanyi. Yana tare da mutum sittin da 'yan kai. Da ƙanƙara ta saki a shekarar da ta biyo baya, mutum uku kacal ke numfashi, shi da wasu biyu, kuma su ukun ne suka lallaɓa ƙaramin jirgin har suka koma gida. Shekara 200 cif bayan wannan, a Satumbar 1819, wani laftanan sojan ruwan Birtaniya, William Edward Parry, ya tsayar da nasa jiragen biyu a tsibirin Melville, wanda ya fi masaukin Munk kusa da ƙuryar arewacin duniya da fiye da kilomita 1,700. Ya yi wata goma a daskare wuri guda tare da mutum 94, ya koma Ingila da 93.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce ta ja hankalina tun ina ɗalibin tarihi. Littattafai sun fi son ba da labarin ranar da jirgi ya keta sabon ruwa ko ya gano sabon tsibiri. Ni kuwa na fi ganin nauyin waɗancan 'yan makonnin da matuƙa ke ɗauka suna kwance igiyoyi, suna rufe doron jirgi, suna lissafin gawayi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, a tarihin neman hanyar ruwa ta arewacin Amurka, makomar ayari takan yanke ne a lokacin da ake shirya jirgi domin hunturu, tun kafin wahalar kanta ta sauka.

Ya kamata in fara da kalmar hunturu, domin ta yi wa abin da ake nufi kaɗan. Hunturunmu iska ce mai ƙura da sanyin asuba wanda hantsi ke kora. A tsibirin Melville rana takan faɗi a farkon Nuwamba, ba za a sake ganin idonta ba sai a Fabrairu. Teku da kansa yakan sandare ya zama fili mai tauri wanda mutum zai yi tafiyar kwanaki a kansa. Fatar da ta taɓa ƙarfe takan liƙe masa. Na riƙe kalmar ne saboda ita muke da ita, amma mai karatu ya sa a ransa cewa ana maganar wani abu ne da ya ninka wanda ya sani sau da yawa.

Ajiye jirgi lokacin sanyi tsohuwar al'ada ce. Marubucin Rumawa Vegetius ya ƙayyade cewa teku a rufe yake daga 11 ga Nuwamba zuwa 10 ga Maris. A ƙarni na huɗu kafin Miladiyya, birnin Atina na ƙasar Girka yana da rumfunan jiragen yaƙi 372 a tashoshinsa na Piraeus, inda ake jan jirgi kan gangare a fitar da shi daga ruwa domin katakonsa ya bushe, tsutsar teku kuma ta rasa abin ci. Mutanen Norway tun zamanin da suna gina wa jiragensu ɗaki a bakin gaɓa, wanda suke kira naust. Hikimar duka ɗaya ce: a fitar da jirgi daga ruwa, a kwashe kayansa, a bar iska ta ratsa shi, masu shi kuma su tafi gida su jira lokaci.

Wanda ƙanƙara ta rutsa da shi a ƙuryar arewa ba shi da gidan zuwa. Jirgin da yake so ya adana shi ne kuma ɗakin kwanansa, kuma a nan matsalar take, domin buƙatar jirgi da buƙatar mutum sun yi hannun riga. Katako da igiya da ƙyalle suna son bushewa da iska, sanyi ba ya cutar da su muddin ba su jiƙe ba. Mutum yana son ɗumi da rufi. Idan aka buɗe, mutane su daskare. Idan aka toshe, numfashinsu da tururin girki su taru su jiƙa komai, hayaƙi kuma ya rasa mafita. A hunturun 1553 zuwa 1554, Sir Hugh Willoughby ya tsaya da jirage biyu a gaɓar arewacin Rasha. Da masunta suka iske jiragen bayan sanyi ya wuce, ba su tarar da mai rai ko ɗaya ba, alhali akwai sauran abinci. Wasu masana na zamaninmu suna ganin mutanen sun toshe kowace kafa ne suka hura gawayi, gubar hayaƙin ta kashe su. Mutanen Munk kuwa yawancinsu wata cuta ce ta cinye su, wadda ke kumbura dasashi, ta girgiza haƙora, ta buɗe tsofaffin raunuka, wadda yau aka san rashin bitamin C ke kawo ta. Zan kira ta ciwon dasashi.

Abin da ya kai Parry wannan wuri yana da alaƙa da ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815. Birtaniya ta wayi gari da jirage da hafsoshin ruwa masu yawa marasa aikin yi, sai John Barrow, sakatare na biyu a ma'aikatar sojan ruwa, ya karkata su ga cike gurabun taswirar duniya. Daga cikin irin waɗannan hafsoshi ne Hugh Clapperton ya fito, wanda ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, shekarar da Parry ya tashi tafiyarsa ta uku zuwa arewa. Babban burin Barrow a can shi ne a samu mashigin da zai haɗa Tekun Atlantika da Fasifik ta saman nahiyar Amurka. A watan Mayu na 1819 aka damƙa wa Parry, yana da shekara 28, jirage biyu: Hecla, wanda aka ƙera da ƙarfi domin ɗaukar manyan bindigogi, da ƙaramin Griper ƙarƙashin Laftanar Matthew Liddon.

Shekarar ta zo musu da sauƙin ƙanƙara. Suka ratsa mashigin Lancaster, suka nausa yamma, har ranar 4 ga Satumba suka ƙetare layin digiri 110, abin da ya ba su ladan fam 5,000 da majalisar dokokin Birtaniya ta yi alkawari. Daga nan alamu suka fara sauyawa. Dare ya ƙara tsawo, sabuwar ƙanƙara ta riƙa kama saman ruwa kowace safiya, tsohuwar kuma ta tare gaba. Saurayi mai shekarunsa, wanda nasara ke bi, abu ne mai sauƙi ya ce a ƙara kwana biyu ko uku a gani. Parry ya juya baya, ya koma wani lungun teku da ya riga ya gani a kudancin tsibirin, wanda ƙasa ta kewaye, duwatsun ƙarƙashin ruwa kuma suka tsare bakinsa daga manyan tsaunukan ƙanƙara masu yawo. A ganina wannan juyawar ita ce aiki mafi girma da ya yi a duk tafiyar.

Ko da hakan, ya kusa makara. Sun tarar lungun ya riga ya daskare, kaurin ƙanƙarar ya kai inci bakwai. Sai suka shata layi biyu a kanta, tsakaninsu ya ɗan fi faɗin jirgi, suka sa zarto suna yankawa gunduwa-gunduwa. Wasu gunduwoyin aka tura su waje, wasu aka danna su ƙarƙashin sauran ƙanƙarar, mutane na tsaye a kan gefensu ruwa har gwiwa. Cikin kwana uku suka yanke hanya mai tsawon yadi 4,082, wato kusan kilomita uku da ɗigo bakwai, suka ja jiragen da igiya zuwa ciki. Ranar 26 ga Satumba suka kafa su kusa da gaɓa, aka sa wa wurin suna Winter Harbour, ma'ana mafakar hunturu.

Daga nan aka shiga aikin mayar da jirgi gida. An sauke saman dogayen turakun da ke riƙe ƙyallayen iska, aka bar gindinsu. An ɗaure manyan sandunan gicciye a tsakiyar jirgi daga gaba zuwa baya, aka jingina alluna a kansu kamar yadda ake yi wa ɗaki jinka, sannan aka lulluɓe da wani ƙyalle mai kauri irin wanda ake rufe kekunan shanu da shi a Ingila. Ta haka doron jirgi ya zama rumfa mai tare iska da dusar ƙanƙara. An kwashe kwale-kwale da igiyoyi da ƙyallayen iska zuwa gaɓa. Waɗannan kayan sun riga sun daskare, Parry kuma ya bar su a haka da gangan, domin ya fahimci cewa narkewa ce ke ruɓar da igiya, daskarewa kuwa adana ta take yi. Da dusar ƙanƙara ta taru, aka tula ta a jikin jiragen ta zama bango mai riƙe ɗumi. Kusa da kowane jirgi aka fasa rami a ƙanƙara, ana sake buɗe shi kullum, saboda idan gobara ta tashi a samu ruwa. Abin ban mamaki ne a ce mutanen da ke zaune kan teku babban tsoronsu shi ne rashin ruwan kashe wuta, amma haka al'amarin yake.

Abokin gaba na gaske ya ɓullo daga cikin jikin mutanen. Numfashin mutum hamsin da wani abu a ɗaki ɗaya, da tururin tukunya, suna tashi su taɓa katako mai sanyi su zama ƙanƙara. Idan ɗaki ya ɗan yi ɗumi sai ta narke ta ɗiga kan shimfiɗa. Parry ya sa aka ja bututu daga murhun girki domin ya raba iska mai zafi a ɗakunan kwana, ya sa ana kankare bango da rufi kullum, ana goge daɓe da duwatsu da yashi mai ɗumi maimakon ruwa, ana duba barguna ana shanya su. Duk da wannan, da sanyi ya ɗan sassauta a watan Maris, an kwashe fiye da bokiti ɗari na ƙanƙara daga cikin Hecla, kuma kusan dukkanta numfashin mutane ne da tururin abincinsu.

Game da ciwon dasashi, a lokacin ba wanda ya san bitamin, amma sojan ruwan Birtaniya sun riga sun koya cewa ruwan lemun tsami na kare shi. Parry ya sa kowa ya sha rabonsa kullum, gauraye da sukari, a gaban wani hafsa, saboda ya san akwai masu zubarwa a ɓoye. Ana duba dasashin ma'aikata da ƙwaurinsu a kai a kai. Sanyi ya fasa kwalaben lemun da yawa, dole aka rage rabo. Da cutar ta kama mai kula da bindigogin Hecla a watan Janairu, Parry ya shuka ƙwayar mastad da wani ɗan ganye mai saurin tsiro a ƙananan akwatuna, ya jera su kan bututun murhu a ɗakinsa. Ganyen ya fito fari fat saboda rashin rana, amma mara lafiyan ya ci ya miƙe. An rage burodi zuwa kashi biyu cikin uku tun da wuri, domin ba wanda ya san ko hunturu ɗaya za a yi ko biyu. Da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai kuma abin da ba ya shiga ma'auni, wato zaman banza cikin duhu. Parry ya ɗauke shi a matsayin cuta kamar sauran. Ana tashi kafin ƙarfe shida, a yi shara, a karya kumallo, a tsaya layi a duba tsabtar kowa. Idan yanayi ya yi kyau a fita tafiya a gaɓa, idan ya ɓaci a yi ta zagaya doron jirgi da gudu ana kiɗa. Ranar 5 ga Nuwamba, daidai lokacin da rana ke ban kwana, hafsoshi suka yi wasan kwaikwayo na farko a kan Hecla, aka ci gaba da yi bayan kowane mako biyu, Parry da kansa yana cikin 'yan wasa. Kyaftin Edward Sabine, masanin taurarin ayarin, ya zama editan wata jarida ta mako-mako da ake rubutawa da hannu. Mai karatu na iya ganin wannan a matsayin nishaɗi kawai. Ni ina ganinsa ɗaya da tula dusar ƙanƙara a jikin jirgi, domin wanda ya fid da rai ba zai tashi ya kankare bango ba, kuma idan ba a kankare ba shimfiɗa ta jiƙe, cuta ta samu ƙofa.

Ba a tsira ba tabo ba. A tsakiyar Fabrairu sanyi ya kai kusan digiri 48 ƙasa da sifiri. Ranar 24 ga watan gobara ta kama ɗakin kayan awo da aka gina a gaɓa, mutane suka ruga da gudu, sanyi ya ƙone wa da yawa fuska, wani da ya ɗauko na'ura ba safar hannu ya rasa yatsu. Mutum ɗaya, William Scott, ya rasu a ƙarshen Yuni. Ƙanƙara ba ta saki jiragen ba sai ranar 1 ga Agusta, 1820. Parry ya sake gwada yamma, ya tarar da hanya a toshe, ya juya, ya isa Birtaniya a ƙarshen Oktoba. Bai samu mashigin ba, amma ya tabbatar da cewa jirgi na iya kwana a can ya fito da mutanensa. A tafiyarsa ta biyu ya gyara abin da ya gani: aka sa murhu na musamman mai ɗumama iska, aka liƙa wa bangon ciki abin hana zafi fita, aka cire gadajen katako masu tara danshi aka rataya na lilo, aka kuma zaɓi jirage biyu iri ɗaya, Fury da Hecla, domin kayan wannan su yi wa wancan.

Mai adalci zai ce sa'a ta taimaki Parry, kuma gaskiya ne. Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar dabararsa. A 1829 John Ross ya shigar da jirginsa Victory wata mafaka mai kyau a yankin Boothia, ya shirya shi yadda ya kamata, amma mafakar da ta hana ƙanƙara murƙushe shi ita ce ta hana shi fita. Cikin shekara biyu bai matsa ba sai 'yan mil kaɗan. A watan Mayu na 1832 suka bar jirgin, suka taka zuwa gaɓar da Fury ya lalace a 1825, suka rayu da abincin da Parry ya jibge a wurin. Sun yi hunturu huɗu kafin a cece su a 1833, kuma abin da ya riƙe yawancinsu tun farko shi ne kifi da naman da suka samu ta hannun Inuit, mutanen ƙasar, waɗanda Parry bai haɗu da su a Melville ba.

Sai Sir John Franklin, wanda ya bar Ingila a watan Mayu na 1845 da Erebus da Terror, jirage masu injin tururi da bututun ɗumi da abincin shekara uku, ya shiga ƙanƙara da mutum 129. Hunturun farko sun yi shi a mafaka, a tsibirin Beechey, inda suka binne mutum uku. Na biyu bai same su a mafaka ba. Takardar da aka tsinta a 1859 ta nuna cewa ƙanƙara ta kama jiragen a fili ranar 12 ga Satumba, 1846, arewa maso yammacin tsibirin King William, inda tsohuwar ƙanƙara ke gangarowa daga arewa ta cushe. Damina ta zo ba ta sake su ba. Franklin ya mutu ranar 11 ga Yuni, 1847. Ranar 22 ga Afrilu, 1848, mutum 105 da suka rage suka bar jiragen suka kama tafiya a ƙasa, kuma ba wanda ya isa gida. Duk abin da Parry ya koyar game da rufi da murhu da lemun tsami suna da shi. Abu ɗaya da ba a iya gyarawa bayan an yi shi, wato wurin tsayawa da ranar tsayawa, shi ne ya kuɓuce musu.

Wanda ya fara ratsa mashigin da jirgi daga farko har ƙarshe, Roald Amundsen na Norway, ya yi shi da Gjøa, tsohon jirgin kamun kifi mai tan 47, su bakwai kacal. Ya bi ta gabashin tsibirin King William, inda ruwa ba zurfi amma ƙanƙara ba ta cushewa. A Satumbar 1903 ya ga wani ɗan lungu mai kyau, ya ga kuma ruwa a buɗe a gabansa, sai ya shiga lungun ya zauna, domin yana da aikin awon maganaɗisun ƙasa kuma ya san abin da Satumba ke nufi. Ya yi hunturu biyu a nan yana koyon suturar fata da ginin ɗakin dusar ƙanƙara da korar karnuka daga Inuit. Ya isa Nome ta Alaska a ƙarshen Agustan 1906. Garin da ya tsiru a wannan lungu yau ana kiran sa Gjoa Haven, kuma bayanin wani mazauninsa ne ya kai masu bincike ga Terror a 2016, shekara biyu bayan gano Erebus. Sun iske shi zaune a ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 24, ƙofofin doronsa a rufe, yawancin gilasan tagoginsa ba su fashe ba.

Idan aka jera waɗannan ayarori, abin da nake gani shi ne shirin hunturu hawa uku ne. Na farko zaɓen wuri da lokaci, na biyu sulhunta buƙatar katako da ta mutum, na uku ciyar da jiki da zuciya har rana ta dawo. Parry ya ƙware a na biyu, ya yi ƙoƙari a na uku da ilimin zamaninsa, ya dace a na farko saboda ya yarda ya juya alhali nasara na kiran sa. Ross ya nuna cewa mafaka na iya zama kurkuku, Amundsen kuma ya nuna cewa na ukun ya fi sauƙi ga wanda ya tambayi masu ƙasa.

A gaɓar Winter Harbour akwai wani katon dutse wanda mataimakin likitan Hecla, Alexander Fisher, ya sassaƙa wa sunayen jiragen biyu da shekarun da suka kwana a wurin. Da yake kowane matuƙin Birtaniya ya san da shi, ya zama wurin ajiye saƙo. A 1852 Robert McClure, wanda jirginsa Investigator ya maƙale a tsibirin Banks, ya tako kan ƙanƙara ya bar takarda a nan yana faɗin inda yake. Wani hafsan jirgin Resolute ya tsince ta a wannan shekarar, kuma a watan Afrilu na 1853 aka isa ga mutanen McClure, yunwa da ciwon dasashi sun kusa gamawa da su, aka fito da su.